Daga Ayarin Gwanja Zuwa Fom M: Wa Ake Sanarwa Kafin Abincinmu Ya Shigo?

Jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu a nan Dawaki, hira ta gangaro kan tsadar kayan azumi, sai wani abokinmu ya ce shi fa abin da ya kasa ganewa shi ne a ce mutum ya sayi abinci da halaliyarsa a ƙasar waje, amma wai sai ya sanar da hukuma tun kayan ba su baro can ba. Ya ce wannan duk ƙirƙirar Bature ce don a wahalar da ɗan kasuwa, a ƙarshe kuma talaka ne zai biya. Na so in tanka, amma kun san majalisa, mai ƙarfin murya shi ke da gaskiya. Shi ya sa na ce bari in zo nan in warware zare da abawa. Rubutun da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu sukuni.

Zan fara da abin da ya faru a danginmu, don kada a ce labarin littafi nake yi. Shekarun baya kaɗan, wani ƙanena, ɗan baffana, mai shago a Singa, suka haɗa jari shi da abokansa biyu za su shigo da kwantenar dabino saboda azumi. Karonsu na farko ke nan, da can sari suke yi a hannun manya. Wanda ya haɗa su da mai kayan ya ce musu su dai su turo kuɗi a yi lodi, takardu ba wani abu ba ne, ko jirgi na kan ruwa ana yi. Suka tura, aka yi lodi, jirgi ya kamo hanya. Sai da ya kusa Legas sannan suka shiga banki wai za su buɗe Fom M. Ma'aikacin ya dubi ranar da ke jikin takardar lodi, ya ɗago ya dube su, ya ce ai kun yi riga malam masallaci.

A daren ya kira ni. "Yaya, kai da kake aikin gwamnati, ba ka san wani ba?" Na ce masa kai ma ka sani ofishinmu ba abin da ya haɗa shi da tashar ruwa, kuma ko na san wani, ranar da aka buga a takarda ba ta komawa baya. Kwantena ta sauka ta zauna, ana ta rubuce-rubucen neman gyara, kullum gari ya waye kuɗin kwanan kaya, da 'yan tasha ke cewa dimarej, yana hawa. Azumi ya kama, ya raba, ya ƙare. Dabino bai iso Kano ba sai bayan ƙaramar sallah, lokacin da ba mai neman dabino sai mai ɗaurin aure. Ɗaya daga cikinsu sai da ya sayar da filinsa ya biya bashi. Ba wanda ya ƙwace musu komai. Tsari ne kawai ba su sani ba.

Ga tsarin a taƙaice don wanda bai taɓa yi ba. Kafin a ɗora ko kwali ɗaya a jirgi, kai mai shigo da kaya za ka buɗe Fom M ta bankinka, ko da kuwa ba dalar banki za ka yi amfani da ita ba. A ciki ka faɗi mene ne kayan, yawansu, ƙasar da suka fito, wanda ya sayar maka, farashi, da tashar da za su sauka. Ka haɗa da takardar farashi ta mai kaya da ta inshora. In abinci ne sai da takardar NAFDAC. In ɗanyen amfanin gona ne, hatsi ko iri ko 'ya'yan itace, akwai izinin hukumar killace kayan gona, NAQS, kuma daga can a haɗo shi da shaidar cewa ba ya ɗauke da ƙwari ko cuta. Sai an amince da fom ɗin sannan a yi lodi. Bayan lodi sauran takardu su biyo ta banki, kwastan su duba su fitar da PAAR, wato rahoton tantance kaya tun kafin su iso, a nan ake gane harajin da za ka biya. Akwai ma wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su san da ita ba: abinci mai wa'adin lalacewa, dole aƙalla rabin wa'adinsa ya kasance bai ƙare ba a ranar da ya shigo ƙasa.

To, mu koma kan maganar abokina cewa Bature ne ya kawo. Shigo da abinci daga nesa dai ba jiya muka fara ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, a zamanin ɗansa Yakubu kuma gishirin Azbin ya wadata a ƙasar nan. Goro da gishiri ke nan, ɗaya daga kurmi, ɗaya daga hamada. Bajamushen nan Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta goron da ke shigowa birni a shekara ya haura kayan jaki 500.

Wannan goron ba faɗowa yake yi daga sama ba. Ayari ne ke tashi daga Salaga, ya bi ta ƙasar Dagomba da Bargu, ya ƙetare Kwara a wajejen Bussa ko Yawuri, tafiyar watanni. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gwanayen hanyar. Ayari na da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki. Kar 'yan garinmu su yi saurin murna, ba Dawakinmu ake nufi ba. Aikin uban dawaki shi ne ya bi kan fatake yana ƙirga kayan kowa, yana tara kason da kowa zai bayar na kuɗin wucewa. Kuma ayari ba ya afka wa gari haka kawai kamar fari. Tun ana zangon baya ake tura ɗan aike da gaisuwa ya gaya wa mai gari ga baƙi nan tafe, ga yawansu, ga abin da suka ɗauko. A yi ciniki, wani lokaci a kwana biyu ana jayayya, a daidaita, sannan a buɗe hanya ko a kawo jiragen fito. Madugun da ya raina wannan, to shi da mutanensa za su kwana a daji, ko su wayi gari an kore musu jakai. Ku gaya min, in ba sanarwa kafin isowar kaya ba, mene ne wannan?

Amma fa ku lura da tambayar da mai gari yake yi. Kaya nawa ne, nawa za ku bayar. Shi ke nan. Bai damu da ko goron ya yi sankara ba, tunda ba shi zai sayar ba. Lafiyar kaya tana hannun wasu daban. Na farko shi bafatake da kansa, wanda duk bayan 'yan kwanaki sai ya kwance huhu, ya tsince masu ciwo kada su shafa wa sauran, ya yayyafa ruwa, ya sake ganyen fita, ya ɗaure. Na biyu fatoma, mai masaukin fatake a birni. Shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya a kan bashi. In ka sayi ƙwarya goma ka je gida ka tarar an yi maka rufa-rufa, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, shi kuma fatoma ya san baƙon da ya kawo, da ayarin da ya biyo, da garin da aka ɗauko. Sunansa ne jarinsa. Wato kakanninmu abu biyu suka riƙe: sanarwa don kuɗi, da suna don amana. Wannan rabuwar ita ce ta bi mu har yau, sai dai na biyun ya sulale mana a hanya.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su canza tambayar ba, gadarta suka yi. Lugga ya kafa harajin fatake, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi aka ratsa, har zuwa kashi 15, a ba ka takarda ka nuna a gaba. Ƙorafi ya yi yawa har aka soke shi a 1907. Abin da ya kashe dogon ayari kuwa jirgin ruwa ne da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Maƙwabtanmu na Bebeji sun fi mu sanin wannan babi, don a can aka haifi Alhassan Ɗantata, wanda yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Legas. Daga nan ɗan aiken madugu ya koma takarda.

Shi kuwa Fom M ɗin da ya kama ƙanena, haihuwarsa tana da labari. A 1975, kuɗin man fetur ya zo kamar ruwan Agusta, gwamnatin Gowon ta yi odar siminti ba lissafi. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Legas suna jiran layi, wasu watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Ba wanda ya san takamaimai me ke tafe a kan ruwa, balle yaushe. Ga kuma wata cuta da ta yi katutu a shekarun: mutum ya rubuta ya sayo kayan miliyan, a ba shi kuɗin waje na miliyan, abin da zai iso bai kai rabi ba, wani lokaci ma tarkace ne. Shi ya sa gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi doka a ƙarshen 1978, daga 1979 aka ɗauki kamfanin SGS na Suwizalan yana duba kaya tun a ƙasar da za a ɗauko su, yawa da inganci da farashi, kuma duk mai shigo da kaya ya fara cike fom ta banki. Ku riƙe wannan da kyau: Fom M ɗan gidan Babban Banki ne, ba ɗan gidan ma'aikatar lafiya ba. An haife shi don gadin dala, ba don gadin ciki ba.

Shekarun 1980 kuwa, manyanmu sun fi ni iya ba da labarinsu. Zamanin Shagari aka kafa kwamitin shigo da shinkafa a ƙarƙashin Umaru Dikko, lasin shigo da kaya ya zama haja, wanda ko teburin cingam ba shi da shi ya samu ya sayar wa mai masana'anta. A Afrilun 1984 Buhari ya rufe iyakoki, abin ya haɗu da fari, har 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Babangida ya hana shigo da shinkafa a 1985, ya soke lasin a 1986, ya hana alkama daga 1987. Ina yaro amma na tuna yadda aka koma noman alkama da ruwan Tiga a Kadawa, ana ta maganar an kusa daina dogaro da ta waje. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk haramcin da aka yi bai hana abincin shigowa ba, hanya kawai ya sauya masa. Ya bar hanyar da ake cike takarda, ya koma Kwatano, ya hau ta Gaya zuwa Maraɗi, ya gangaro ta dajin Jibiya da Maigatari. A wannan hanyar ba ɗan aike, ba fom, ba fatoma.

Sai yaushe aka fara tambayar "wannan abin zai kashe mutum ko ba zai kashe ba" da gaske? Sai da aka binne yara. A 1990 yara sama da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da gurɓataccen sinadari. Dokar da ta kafa NAFDAC ta fito a 1993, shekara 14 bayan Fom M. Kuma ko bayan an kafa ta, kujerarta a tashar ruwa ba tabbatacciya ba ce. Marigayiya Dora Akunyili, da ta karɓi hukumar a 2001, ta sha fama a kan haka. A 2011, da sunan rage jinkirin fitar da kaya, aka rage hukumomin da ke zaune a tasha, NAFDAC na cikin waɗanda aka ce su koma gefe sai an kira su. Ba ta dawo ba sai a Mayun 2018. Kusan shekara 7. Mu da ke jihar Kano mun ga abin da ya kwararo na tiramol a waɗannan shekaru, ba sai an ba mu labari ba. Amma duk tsawon lokacin nan ba rana ɗaya da aka ce mai karɓar haraji ya koma gefe.

Sauran sauye-sauyen na ofis ne. A 2006 aka daina duba kaya a can, aka koma duba su a nan bayan sun sauka, a hannun kamfanoni masu na'urar haska kwantena. A Disambar 2013, zamanin marigayi Abdullahi Dikko Inde, kwastan suka karɓi aikin da kansu suka fito da PAAR. Fom ɗin ma ya koma ta intanet. Ci gaba ne, ban musa ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban yi wa abokina shiru ba. Ku tuna watan Maris na 2021, ana tsakiyar zafi, azumi saura 'yan makonni. Aka fara kai mutane asibitoci a Kano da amai, da zazzaɓi, da fitsarin jini, idanu sun yi ɗorawa. Gida guda sai ka ga an kwashi mutum uku, huɗu. Da farko an ɗauka wata annoba ce ta ɓulla. Bincike ya gangaro kan lemon da ake haɗawa da gari, da kuma ɗan tsamin nan da mata ke sakawa a zoɓo da lemo da ƙanƙara. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya sanar da cewa mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta, wasu ƙodarsu ta taɓu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Da NAFDAC ta gwada abin da aka sayar wa mutane a matsayin ɗan tsami, shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta ce wani sinadari ne mai suna haidiroksilamin, kayan masana'anta, ba abin kai wa baki ba. Sai kuma ta faɗi maganar da har yau ba ta bar raina ba: sun duba kundinsu, babu shaidar an ba wani izinin shigo da shi.

Ku tsaya ku yi tunani. Buhu ya shigo ƙasa, ya shigo jiha, ya shiga kasuwa, an fasa shi an ƙulla a leda, ya shiga tulun wata baiwar Allah da ke sayar da zoɓo don ta ciyar da marayunta, kuma babu takarda ɗaya da ta ce ga shi nan tafe. Ita ba ta da laifi, ta sayi abin da aka ce mata ɗan tsami ne, ta ɗanɗana ta ji tsami. Da a ce buhun ya bi ta hanyar sanarwa, da akwai sunan wanda ya yi oda, da adireshin sitonsa, da yawan buhunan, da abin da aka ce za a yi da su. Ko ba a tare shi a tasha ba, ranar da mutum na farko ya faɗi an san inda za a nufa a kwashe sauran. Wannan shi ne aikin fatoma da takarda ya kamata ta gada. Kuma kar mu ɗauka abin na 'yan birni ne. Kayan shagunan Rano da Kibiya da Dawaki daga ina ake saro su in ba Singa ba? Motar da ta sauke madara da taliya ita ce ke sauke ɗan tsami.

Wani zai ce ai an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An rufe. Amma a cikin watannin nan wa ya rasa shinkafa 'yar waje a kasuwa in yana da kuɗinta? Tsada kawai ta ƙara.

Bari mu leƙa waje, don mu ga yadda abin yake in an gina shi a kan ɗaya tambayar. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, da wasiƙun da aka riƙa aikawa ɗauke da ƙwayar cutar antiraks, Amurka ta ji tsoron kada a biyo mata ta abinci. A 2002 suka yi doka, daga 12 ga Disamba 2003 duk abincin da zai shiga ƙasar sai an sanar da hukumarsu ta abinci da magunguna, FDA, kafin ya iso: aƙalla awa 2 in ta mota ne, awa 4 in ta jirgin sama ko na ƙasa ne, awa 8 in ta ruwa ne. A faɗi wanda ya sarrafa, da wanda ya aiko, da wanda zai karɓa. A 2011 suka ƙara wata tambaya da ta burge ni: shin akwai ƙasar da ta taɓa ƙin karɓar wannan kaya? Wato kar a kore ka a wata ƙofa ka zagayo ta tamu. Abin lura, wannan sanarwa ba ta haraji ba ce, harajinsu daban yake. Kayan da ba a sanar ba kuwa, a tasha za su tsaya. Matasanmu da suka fara tallan yaji da kuka da daddawa a Facebook suna aika wa 'yan'uwa a Amurka, ku sani in dai na sayarwa ne dokar ta hau kanku, ko da ta gidan waya kuka aika. Abin da aka ɗauke wa shi ne irin wanda mutum ya haɗa da hannunsa a gida ya aika kyauta, ko ya riƙo a jakarsa don cin kansa.

Turai ma haka ne, kayan da suka sa wa ido sai an sanar da su aƙalla kwana ɗaya na aiki kafin su iso, kuma riɗinmu na cikin waɗanda ake tsananta wa bincike. Waken Najeriya kuwa a 2015 suka hana shi shiga gaba ɗaya, a 2016 suka ƙara wa'adin da shekara 3. Dalili? Maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya. Ƙa'idarsu kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo, an samu wanda ya kai 4.6. Abin da ke ba ni takaici ba asarar kasuwar ba ce kaɗai. Su sun gano ne saboda ana sanar da su, suna gwadawa, suna rubutawa. Waken da suka ƙi, ɗan'uwansa da aka zuba wa magani a sito ɗaya, mu muka yi ƙosai da alala da shi, ba wanda ya gwada.

Akwai kuma wani amfanin sanarwa da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na manoma, don ni ma duk da aikin ofis ina taɓa noma. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da kwana 150 na shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, babu haraji. Sharuɗɗan da aka gindaya sun nuna ba da ƙananan 'yan kasuwa ake ba: kamfani ya kai shekara 5 yana aiki, mai shinkafa kuma ya mallaki injin da ke casar tan 100 a rana. Duk wanda ya shigo da kaya ta wannan ƙofa ya cike Fom M. Wato akwai ofishin da ya san tan nawa ke kan ruwa da watan da za su sauka. Manomin Kura da Bunkure da ya ci bashin taki ya shuka shinkafa, shi wa ya sanar da shi? A ganina wannan lissafi bai kamata ya zama sirri ba. A riƙa fitar da shi duk wata, a faɗa a rediyo da Hausa, mutum ya san ko ya sayar yanzu ko ya ajiye.

In yi wa abokina adalci, akwai inda yake da gaskiya. Tsarin da nauyi. Da Turanci yake, a kwamfuta yake, yana bukatar rajistar kamfani da lambar haraji da ejan mai kiliya, kuma ko wanne da kuɗinsa. Mai jarin kwantena goma ba ya ji, mai rabin kwantena shi ke ji a jikinsa. In ka sa wa ƙofa kwaɗo bakwai alhali katanga a rushe take, ka san ta inda mutane za su bi. Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke kwana a tebur don kawai mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, kuma a ƙa'ida ɗan kasuwa zai iya rubuta Kano a matsayin inda kayansa za su sauka. In ana so ƙananan 'yan Singa da Dawanau su bi hanyar takarda, to a nan ya kamata a zaunar da tebur guda, da ma'aikaci mai jin Hausa, da zai gaya wa mutum tun kafin ya tura ko sisi: fara da wannan, sannan wannan. Minti goma na irin wannan bayani da ya tsare wa wancan yaro filinsa.

Shi dai ƙanen nawa ya ji a jika. Bana tun watanni huɗu kafin azumi ya buɗe fom ɗinsa, sai da aka amince sannan ya ce a yi lodi, kuma dabinonsa ya riga ya sauka a sito. Makon jiya na biya ta shagonsa, yana nuna min takardun a jere cikin leda kamar takardun gado. A gefen kanta na hangi ƙulle-ƙullen ɗan tsami a cikin roba. Na ce wannan fa daga ina? Ya ce, "Yaya, a hannun wani na sara, shi ma a hannun wani ya saro." Na ce to nuna min buhun in ga rubutun jikinsa. Ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya kira yaronsa ya tambaya. Yaron ya ce ai tun ranar da aka juye, mai gawayi ya saye buhun.